Taho da jitarka yadda take, a nan za mu yi aikin

Assalamu alaikum ƙanena,

Saƙonka ya iso, na kuma yi murna ƙwarai da jin ka sami gurbin karatun kiɗa a nan Kanada. Allah Ya kawo ka lafiya. Ka ce kana da jitar lantarki mai siffar ES-335 ta kamfanin Gibson, irin mai rami a ciki, kuma kafin ka taso kana so ka sauya mata fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ka sake wayoyinta kaf, ka ɗora mata Bigsby, wato ƙarfen nan mai sandar kaɗa murya, don kada ka shiga aji da kayan da za a raina. Ni dai shawarata, taho da ita yadda take. Ayyukan nan uku duk na yi su da hannuna a kan tawa, kuma ban yi da-na-sani ba, amma ɗaya bayan ɗaya ake yin su, kuma sai jitar ta zauna a inda za ta rayu.

Dalili kuwa katako ne. Idan hunturu ya kama a nan ana ɗumama ɗakuna dare da rana, iskar ciki ta bushe ƙayau. Wuyan jita ya motsa, allon da yatsu ke takawa ya ɗan tsuke har ka ji bakin firet, wato ƙarafan da ke gicciye a kan allon, yana kartar hannunka. Duk saitin da ka yi kafin tafiya sai an sake shi. Ka ba ta makonni ta saba da ɗakinka, sannan a daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya, a gyara tsayin tsirkiyoyi, a sa sababbi. Sau da yawa mutum yana zargin fikof alhali tsirkiyoyinsa ne suka mutu, ko fikof ɗin ne ya yi nisa da su. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe ka duba ratar da ke tsakaninta da fikof. Fara daga wajen milimita 2, kana juya sukurun gefe kaɗan-kaɗan kana saurare. Idan ya matso da yawa maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiyar, sauti ya riƙa rawa yana mutuwa da wuri.

Bayan saiti sai wayoyi. A jitoci masu sauƙin kuɗi a nan aka fi yin tsimi: fot, wato 'yar na'urar da ke ƙarƙashin abin murɗa ƙara, da makunnin zaɓen fikof, da bakin da ake soka waya. Su ne ke ƙaraf-ƙaraf, su ne ke ɗauke sauti ana tsakiyar kiɗa. Fot mai lamba 500k ake haɗawa da hambaka, wato fikof mai naɗin waya biyu, 250k kuma da fikof mai naɗi ɗaya, saboda ƙaramar lamba tana rage kaifin sauti, babbar kuma tana barinsa ya fito. Kafasita, wato ɗan abin da ake haɗawa da fot don rage kaifin sauti, mai lamba 0.022 ta wadatar wa hambaka. Kada kowa ya ruɗe ka da tsohuwar kafasita mai suna, lambar da ke jikinta ce ke aiki. Amma ka auna ramukan jitarka kafin ka sayi komai. Jitocin da aka ƙera a Asiya galibi da ma'aunin milimita aka huda su, fot ɗin Amurka irin na kamfanin CTS kuwa wuyansa ya fi kauri, sai an faɗaɗa ramin, kuma tsofaffin kawunan murɗawa ba lallai su hau kansa ba.

Irin jitarka ba ta da murfi a baya, wannan shi ne wahalarta. Komai ta wannan tsagar da ke fuskarta mai kama da harafin f zai fita, ta nan kuma zai koma. Abin da na yi, na sami kwali na zana ramukan a kai daidai yadda suke a jitar, na kafa fot huɗu da makunni da bakin waya a jikinsa, na yi duk aikin dalma a kan tebur. Kafin in sa su ciki na jona da amfilifaya na ƙwanƙwasa kowane fikof da bakin sukundireba, na ji "ƙwas" daga inda ya kamata. Sannan na zura siririn tiyo na roba ta kowane rami, na fito da shi ta tsagar, na cusa kan fot a ciki na ja a hankali har ya leƙo. Na liƙa tef kewaye da tsagar don kada ƙarfe ya karce fenti. Yamma guda cur ta tafi a wannan kaɗai. Aikin haƙuri ne, ranar da kake sauri kada ka fara shi.

Tun da shiga cikin nan ba wasa ba ne, in ka riga ka tabbata za ka sauya fikof, haɗa shi da aikin wayoyi a buɗe ta sau ɗaya. Sai dai ina so ka san abin da kake saye. Fikof ba kome ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da waya ta jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a samansa, sai ɗan lantarki ya taso a cikin naɗin. Mai naɗi ɗaya sautinsa garau yake, amma yana kwasar ƙugin wutar gida. Seth Lover na kamfanin Gibson ya magance wannan da naɗi biyu masu saɓa wa juna, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya, shi ne hambaka, wanda aka fara sa wa jitar Les Paul a 1957. Matasa sun fi rububin mai naɗi da yawa saboda ƙarfi, ni kuwa ba na ba ɗalibi wannan shawarar. Yawan naɗi yana ƙara ƙarfi amma yana dushe saman sauti, kuma a makaranta za a sa ka kaɗa salo iri-iri, yau jaz gobe wani abu daban. Hambaka matsakaici mai maganaɗisun Alnico, wanda awon naɗinsa a mitar awon lantarki ke tsakanin 7k da 8k, zai kai ka ko'ina. In kuma kunnenka na son ɗan kaushi, akwai P-90, wani fikof mai naɗi ɗaya, da ake yi daidai girman ramin hambaka, ba sai an sassaƙa katako ba. Tsofaffin fikof ɗinka ka adana su a kwali, ranar da za ka sayar da jitar za su yi maka rana.

Sai Bigsby, wanda na san shi ne ya fi tsaya maka a rai. Paul Bigsby ne ya ƙirƙiro shi a Kalifoniya a farkon shekarun 1950. Za ka ji wasu na ce wa irin wannan hannu tiremolo, sunan ya bazu ne daga kamfanin Fender da jitarsa Stratocaster ta 1954, amma aikinsa bibirato ne: yana sassauta tsirkiya yana ɗaure ta, murya ta sauka ta hau. Bigsby lallausan kaɗawa yake bayarwa, kamar muryar mawaƙi idan ya ja baiti. In nitso mai zurfi kake so irin na masu rok, wannan aikin wani hannu ne daban mai suna Floyd Rose, kuma ba na irin jitarka ba ne. Bigsby samfurin B5 na jita mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ne kamar Telecaster, taka mai tudun fuska B7 ne ya dace da ita. Shi kuwa sai an ɗaure shi da sukurori a gindin jita da kuma fuskarta. Ramin da aka huda a fuskar jita ba ya komawa. Shi ya sa nake so ka fara da farantin Vibramate, wanda ke zama a ramukan da suke nan tun asali. Ka yi wata uku da shi, in ka ga hannunka na neman sandar da kansa, to ka yanke shawara.

A nan ne na yi kuskuren da ba na so ka maimaita. Na cire tsohon ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi, na huda, na ɗora Bigsby, kyau kamar me. Ina jonawa sai ƙugi ya cika ɗaki, kuma ko na dafa tsirkiyoyi ba ya raguwa. Kwana biyu ina zargin sabon fikof. Ashe wayar ƙasa, wadda ke haɗa tsirkiyoyi da sauran wayoyin, a ramin tsohon ƙarfen nan take, da na cire shi sai hanyar ta yanke. Sai da na ja sabuwar waya zuwa ƙarƙashin Bigsby ƙugin ya ɗauke. Da na ɗora mita tsakanin tsirkiya da bakin waya tun farko, da minti ɗaya ya isa.

Batun jita ta riƙa sauka daga saiti bayan an taɓa sandar, mafi yawa ba laifin Bigsby ba ne. Tsirkiya ce ke maƙalewa a tsagogin ɗan ƙashin da ke saman wuya, ko a kan jakin da take hawa. A gyara tsagogin daidai kaurin tsirkiyoyinka, ka goga musu bakin fensir, in ya ƙi ka sa jaki mai 'yan tayoyi. Wajen sa tsirkiya kuma, lanƙwasa gindinta tukuna kafin ka rataya a ɗan ƙusan, ka tokare da guntun soso, in ba haka ba za ta yi ta zamewa. Jitar za ta ɗan ƙara nauyi ta baya, ka san da wannan.

Kada ka wahalar da kanka da ɗauko ƙarfen narka dalma ko amfilifaya. Wutar nan 120 ce, na'urar da aka yi don 230 ba za ta yi aiki daidai ba, kuma ina da kayan aiki a gida. Jitar dai ka sa ta a akwati mai tauri, ka ɗan sassauta tsirkiyoyi, ka cusa tufafi masu laushi a bayan kanta don nan ne ke karyewa, ka kuma tambayi kamfanin jirgin ƙa'idarsu tun kafin ranar tafiya. Kafin nan turo mini hoton fuskarta da na jakin, ka auna mini tazarar da ke tsakanin tsirkiya ta farko da ta shida a daidai kan fikof na baya, don in san ko mai milimita 50 za mu nema ko wanda ya fi shi faɗi. Ka gaida mutanen gida.