Ɗalibaina sun fara ƙiba, me zan koya musu?

Tambaya: Likita, ni malamar aji huɗu ce a wata firamare da ke Mabera, Sakkwato. Wasu yarana ƙiba ta yi musu yawa, ko gudu kaɗan suka yi sai haki. Iyaye kuwa cewa suke jin daɗi ne. Ina zan fara?

Amsa: Malama, ki fara da jakar abincinsu. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Ki auna shi a gabansu, ki zuba a kofi su gani da idonsu. Wannan ya fi dogon bayani a allo shiga kai. Sai ki nuna musu madadi: ruwa, dafaffen ƙwai, gyaɗa, kwaɗon zogale, ko fura da nono ba tare da an cika mata sukari ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 kullum. Da zafin Sakkwato, musamman a watan Afrilu, sai dai da sassafe. Langa da tsallen igiya sun wadatar.

Amma don Allah kada ki ware yaro ki ce ya yi ƙiba a gaban aji, tsokana ce za ta biyo baya. Ki tada maganar a taron iyaye, ki faɗa musu ƙibar yarinta kan kai ga ciwon suga da hawan jini. Wanda hakinsa ya yi yawa, a kai shi asibiti a duba.