Akwatin da aka ce yana jan wuta daga iska: in zuba kuɗin adashina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya da sayar da ruwan sanyi. Tun da fetur ya tashi, janareto ke cinye rabin cinikina. Wani matashi a unguwarmu ya haɗa wata na'ura, akwati ne mai doguwar eriya da naɗin wayar tagulla. Ya ce daga iska take jan wuta, ba mai, ba rana, ba NEPA. A gabana ya kunna ƙwai biyu da ƙaramar fanka, mita ma ta nuna. Yana son naira 300,000, in kuma na ɗauki biyar zai mai da ni dilansa. Ɗaukar adashina ta kusa. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, duk mai sana'ar da ta dogara da janareto yana ji a jikinsa, don haka ban ga laifinka ba da ka tsaya ka saurari yaron nan. Amma kada ka ba da kuɗin, ko kafin alƙalami kada ka bayar.

Akwai lantarki a sararin sama, wannan gaskiya ne. Ranar da gari ya yi garau, in ka tashi daga ƙasa da tsayin mita ɗaya, akwai bambancin kusan bolt 100. Tashoshin rediyo da turakun waya su ma suna watsa ɗan ƙarfi a iska. Shi ya sa tun da daɗewa ake haɗa wata 'yar rediyo da ba ta buƙatar batir, doguwar waya kawai da abin sawa a kunne. Matsalar ita ce yawan abin da ake samu. Da ɗaya bisa miliyan na wat ake auna shi. Mu ɗauka eriyar yaron nan ta yi sa'a ta kamo irin wannan har 100. Batirin waya ɗaya yana ɗaukar abin da ya kai wat 15 na tsawon awa guda. In ka buga lissafi, awa 150,000 ke nan, wajen shekara 17 kafin waya ɗaya ta cika. Kai kuwa wayoyi nawa ke kan teburinka kafin azahar, ga firiza a gefe?

Mitar da ka gani ta nuna, bolt ta nuna maka. Bolt kamar tsayin tankin ruwa ne, ba ya faɗa maka ko bokiti nawa ne a ciki. Tanki na iya zama a saman bene alhali cokali ɗaya ne ruwan da ke cikinsa. Irin wannan wutar, da ka jona mata abu mai cin wuta sai lambar ta faɗi ƙasa warwas.

To ƙwai biyu da fanka fa, me ya kunna su? Batir. Na sha tsayawa a kan irin waɗannan akwatuna da kuma ɗan'uwansu da ake kira janareto marar mai. Wanda na fi tunawa, mai shi ya liƙe murfin da gam ya ce sirrin sana'a ne. Na ce ya bari in ɗaga. Hannu biyu na sa da ƙyar na raba shi da ƙasa, alhali wayar tagulla da katako ba sa yin wannan nauyin. Da aka matsa masa ya buɗe, sai ga batirin mota an naɗe shi da baƙar leda, ga 'yar inbata an ɗaure a gefe. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 zai riƙe ƙwan wat 10 na kwana da kwanaki. Gwajin minti 30 a gabanka bai tabbatar da komai ba sai cewa an yi wa batirin caji a gida.

Dabarar ta girme mu duka. A 1813 wani mai suna Charles Redheffer ya baje wata na'ura a birnin New York na Amurka, ya ce ita ke juya kanta har abada, mutane na biya suna kallo. Injiniya Robert Fulton ya lura juyin nata ba ya tafiya daidai, ya ɓalle wasu katakai, sai ga wata siririyar igiya ta ratsa bango. Aka bi ta har wani ɗaki a sama, aka tarar da wani dattijo zaune yana murza hannun inji yana cin burodi. Kafin nan ma, tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta yanke cewa ta daina duba irin waɗannan na'urori, domin babu injin da ke fitar da ƙarfin da ya wuce wanda ya shige shi.

Wataƙila yaron zai kawo maka sunan masanin lantarki Nikola Tesla, don masu bidiyon YouTube da Facebook ba sa rabuwa da shi, suna cewa wai ya gano hanyar jan wuta kyauta daga iska. Hasumiyar da Tesla ya fara ginawa a Wardenclyffe da ke Amurka a 1901, da dala 150,000 ta attajiri J. P. Morgan, an yi ta ne don aika saƙo da wutar da inji ya samar zuwa nesa ba tare da waya ba. Aikin bai kammala ba, aka rushe ta a 1917. Kada kuma a ruɗe ka da injinan iska irin na Lambar Rimi a Katsina. Waɗancan kaɗawar iska ce ke juya manyan fukafukai, abu ne da ido ke gani, kuma in iska ta kwanta su ma sun kwanta.

Yanzu mu koma magana ta kasuwa. Kamfanonin waya suna ƙona dizal dare da rana a gindin dubban turaku. Da akwatin nan na aiki, da su za su fara yin layi a ƙofar gidan yaron, ba zai tsaya jiran ɗaukar adashinka ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zancen dila. In ka sayi ɗaya ya mutu, naira 300,000 ta tafi. In ka sayar wa maƙwabtanka huɗu, ranar da batiran suka ƙare ƙofar shagonka za su zo, kai ka karɓi kuɗinsu. Mutumin da ake bar wa waya a tafi kasuwa, da amana yake cin abinci.

Ba na cewa lallai yaron macuci ne. Da yawansu bidiyo suka gani suka gaskata, sukan ce batirin na tayarwa ne kawai, na'urar ke mayar masa da caji. In ya yarda da abinsa, ya kawo shagonka ba tare da ka ba da sisi ba. A buɗe akwatin a gaban mai gyaran lantarkin da kai ka zaɓa. A jona masa dutsen guga mai wat 1,000, wanda zai shanye batirin mota cikin kusan awa guda, sannan a bar firizarka a kai kwana uku, makullin shago a aljihunka. In ya ce buɗewa za ta tona sirri, ko ya ce sai a gidansa za a gwada, magana ta ƙare.

Kuɗin adashin kuwa, rana ce ke da wutar da kake nema. Da tsakar rana kowane murabba'in mita na samun kusan wat 1,000, farantin sola mai kyau kan mayar da wajen kashi 20 cikin 100 lantarki. Fara da ɓangaren caji, shi ne mai ƙaramin ci. Ka ƙirga wayoyin da kake caji a yini, ka rubuta abin da kake kashewa a fetur na mako biyu, ka kai wa masu sola biyu ko uku su yi maka farashi a rubuce, da garantin batir. Firiza ta jira ɗauka ta gaba. Shi kuma yaron, tunda hannunsa ya iya naɗin waya, ka roƙi wanda zai haɗa maka solar ya riƙa tafiya da shi aiki.