Tambaya da Amsa: Me ya sa ake kashe kuɗi kan binciken ƙazuwar yanyawa alhali akwai magani?

Tambaya: Likita, na ga hotunan yanyawar San Joaquin ta jihar Kalifoniya da ƙazuwa ta cinye, gashi duk ya zube, har na kasa barci. An ce ana neman kuɗin bincike. To ni abin da ban gane ba, ai aibamektin, maganin kashe tsutsotsi da ƙwarin jikin dabbobi, yana nan da araha. Me zai hana a cusa shi cikin nama a ajiye musu a bakin rami? Kafin a gama bincike ba za su ƙare ba?

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya. Wannan yanyawar, wadda nauyinta bai wuce kilo biyu da ɗoriya ba, tana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a Amurka tun 1967, domin gonaki da gine-gine sun cinye yawancin dajinta. Garin Bakersfield ne ya zame mata mafaka, tana haƙa rami a filayen makarantu da gefen magudanan ruwa. A 2013 aka fara ganin ƙazuwa a jikinta a can, ɗaruruwa suka kamu, daga baya cutar ta ɓulla a garin Taft. Wadda ta kamu, in ba a yi mata magani ba, cikin 'yan watanni take mutuwa.

Amma shawarar nan ta cusa magani a nama, don Allah ka bar ta. Kusan kullum sai na ji ta, daga bakin mutanen kirki waɗanda wani mai surutu a intanet ya ruɗa, wanda bai taɓa riƙe dabbar daji a hannunsa ba.

Ka san ƙwaron da ke kawo ƙazuwa, Sarcoptes scabiei, cikin fata yake haƙa hanya ya zuba ƙwai. Aibamektin yana kashe ƙwaron, ƙwan kuwa yana nan lafiya lau. Bayan 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe, cikin mako biyu zuwa uku su ma su fara zuba nasu. Shi ya sa dole a maimaita maganin a kan kari, ga dabba ɗaya, da awo daidai da nauyinta. Yanzu faɗa mini, naman da ka ajiye da dare ka tafi, wa ya ci shi? Mai ƙarfi ce za ta riga kowa, ta haɗiye rabon uku. Marar lafiyar, wadda ɓawon fata ya rufe mata ido har ba ta gani sosai, ita ce ta ƙarshe da za ta iso, ta tarar da wayam. Ƙila ma kyanwar maƙwabta ce ta cinye, ko kare. Akwai karnuka irin su koli (collie) da ke da wani lahani na gado, wanda ke sa maganin ya ratsa ƙwaƙwalwarsu, su kama makyarkyata, su makance, wasu su mutu. Kunkuru kuwa kaɗan ya isa ya kashe shi. Sannan maganin da aka haɗa don doki ko saniya mai kilo ɗari huɗu, wa zai auna shi da ido ga dabba mai kilo biyu?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne taruwar da abincin ke jawowa. Ƙazuwa ta haɗuwar jiki take yaɗuwa, da kuma kwana a rami ɗaya. Duk inda aka saba ajiye abinci, nan masu lafiya da marasa lafiya za su riƙa gogayya kowane dare. Mutum ya tashi da niyyar taimako, ya buɗe wa cutar kasuwa da hannunsa. Na taɓa riƙe dabbar da aka yi wa irin wannan jinyar ta rabi da rabi: fatar wuyanta ta yi kauri kamar ɓawon itace, ta tsattsage tana ruwa, haƙarƙari a waje, ga wari. Makonni aka ɓata ana jiran nama ya yi aiki.

Game da kuɗin bincike kuwa, warkar da yanyawa ɗaya ba shi ne matsalar ba. Ana kama su da tarko, a kai su gidan dabbobi na CALM da ke Bakersfield, a yi musu magani su warke. Matsalar ita ce a sake su su koma ramin da ƙwaron yake, su sake kamuwa. Masana daga jami'ar Kalifoniya ta Davis da hukumar kula da namun daji ta jihar sun gwada abin wuya mai magani irin na karnuka, aka ga kariyarsa ba ta ɗorewa. Ga irin tambayoyin da bincike ke neman amsarsu: kwana nawa ƙwaron ke rayuwa a cikin rami? Kashi nawa na yanyawar ya kamata a ba kariya kafin annobar ta lafa? Tarko, na'urar bin sawu, kyamarorin dare, gwajin jini, ma'aikata, duk kuɗi ne. Abin takaici, tallafi yakan zo na shekara ɗaya ko biyu, a ɓata watanni wajen cike takardu, ƙwaro kuwa ba ya jiran sa hannun kowa. A Bristol ta Ingila, annobar da ta fara a 1994 ta kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na jajayen yanyawar garin cikin kusan shekara biyu. Su suna da yawa a wasu wurare, suka farfaɗo. Ta San Joaquin babu inda za a samo wata.

In kana da abin bayarwa, ka ba masu binciken da ke da izinin taɓa dabbar. Wanda kuma ya ga marar lafiya, ya ɗauki hoto daga nesa, ya lura da wuri da lokaci, ya sanar da hukumar namun daji, ya kuma ɗauke abincin kyanwa daga ƙofar gida kafin dare ya yi.