Amsa: Shin sai na ƙware kafin in nemi Google Summer of Code?

Ɗan'uwa, ka ce kana aji biyu a Kaduna Polytechnic, PHP (yaren rubuta manhajar yanar gizo) kaɗai ka iya, kana tsoron neman Google Summer of Code, shirin da ke haɗa sababbin masu rubuta manhaja da ƙungiyoyin open source (manhajojin da kowa zai iya gani ya gyara) su yi aiki tare. Wallahi nemi abinka.

Ni ma da PHP na fara, ina rubuta ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a kan WordPress (manhajar gina shafukan yanar gizo), wadda ke nuna kwanan watan Hijira a ƙasan kowane rubutu. Mako biyu na yi a ɗakinmu na Tudun Wada ina fama da add_filter (umarnin WordPress na sauya rubutu kafin a nuna shi), rubutu na ɓacewa gaba ɗaya. Ashe na manta ne ban mayar da shi da umarnin return ba. Layi ɗaya! Daren da na gano, wuta ta ɗauke, da hasken waya na gyara.

Shirin nan tun 2005 Google ke gudanar da shi, kuma ba jarrabawa ake yi ba. Ƙungiyoyin ne ke zaɓa, su kuma sun fi yarda da wanda suka riga suka ga aikinsa. Saboda haka zaɓi ƙungiya ɗaya tun kafin Maris, watan da aka saba buɗe neman, ka gyara musu ƙananan kurakurai a GitHub (shafin da ake ajiye manhajoji ana aiki a kansu tare), ka riƙa tambaya ba kunya. In ka rubuta takardar neman, turo min in duba maka.