Ɗan sarauta da ɗan titi a tebur ɗaya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko, a wasan tebur da kowa ke taka rawar wani a cikin labari, ya dace mai jan wasa (wanda ke tafiyar da labarin) ya bar mutum ɗaya ya ɗauki rawar ɗan sarauta alhali sauran duk talakawa ne. Ni ina barinsa, amma da sharaɗi.

A Dungeons & Dragons bugun 2014, ɗaya daga irin waɗannan wasanni, mai asalin sarauta yana farawa da zinare 25, ɗan titi kuwa 10. Wannan ba abin damuwa ba ne, kafin zama na uku kowa ya manta. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙofa: ɗan sarauta yana iya neman ganin mai sarautar gari a saurare shi, abokansa na tsaye a waje. GURPS, wani wasan irin wannan, ta sa wa abin farashi, maki 5 kowane matakin daraja daga makin da ɗan wasa ke gina mutuminsa da su, sai ya rage wani wajen.

Ni kuwa da labari nake cajinsa. Gidansu na da abokan gaba, da bashi, da kawun da zai aiko a kira shi ana tsakiyar tafiya. Fuskarsa sananniya ce, ɓuya ta gagare shi. A kasuwar ɓarayi kuma, ɗan titi ke magana, shi ya yi shiru ya riƙe jaka.