Amsa ga mai bin kamfani kuɗin masara

Ɗan'uwa, ka ce ka kai wa wani kamfanin abincin kaji masara bashi, yanzu sun ce ba su da abin biya, kana tambaya ko za ka iya riƙe motar mai kamfanin. Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Ni ma na sha wannan ɗacin a hannun wani kamfanin casar shinkafa da na kai wa shanshara, har yau ciwon bai gama barina ba.

Kada ka taɓa motar nan. Fara duba rajistarsu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya. In sunan kasuwanci ne kawai, bashin yana wuyan mai shi. In kuwa Limited ne, doka tana kallon kamfanin daban, mai shi daban. Ba ka da iko da gidansa ko motarsa, sai in ya sa hannu cewa ya tsaya wa bashin, ko kotu ta gano an yi kasuwancin ne da niyyar damfara. Ranar da lauya ya faɗa min haka ban yi barci ba.

A dokar kamfanoni ta Najeriya, wato CAMA ta 2020, za ka rubuta musu takardar neman biya. In mako uku ya wuce shiru, kana iya roƙon Babbar Kotun Tarayya ta rushe kamfanin a sayar da kadarorinsa. Amma fa layi ake bi. Bankin da ke riƙe da jinginar fili da injina shi ne gaba, sai kuɗin aikin rushewar, albashin ma'aikata, fansho da haraji. Mu masu kai kaya a kan amana muna can ƙarshe, abin da ya rage ake raba mana gwargwadon bashin kowa. Ni abin da na samu ko kuɗin mota da lauya bai rufe ba.

Shi ya sa nake ganin sulhu ya fi maka. Dokar ta ba da damar kamfani ya zauna da masu binsa a tsara biya kaɗan-kaɗan, ko a naɗa ƙwararre ya riƙe shi ko zai farfaɗo. In suna aiki har yanzu, nemi su amsa bashin a rubuce da ranakun biya, kuma darakta ya tsaya musu da kansa. Rasit, takardar awo, saƙonnin WhatsApp, duk ka tattara ka kai wa lauya cikin makon nan, tun banki bai turo wanda zai karɓe wurin ba.