Amsoshin tambayoyinku: Ruwan lagireto na ƙarewa a Mazda RX-8, ina yake tafiya?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin saƙonnin da suka taru kusan duk a kan zafin inji ne, ba mamaki tunda bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu a ƙasar Haɗeja da Gumel ko mutum ma sai ya nemi inuwa balle ƙarfe. Guda nawa a ciki a kan mota ɗaya ne, wato Mazda RX-8 ɗin nan da samari suka fara kwasowa daga Kwatano saboda kyan jiki da ƙarar salansa, toh bari mu taru a kanta.

Wani matashi daga yankin Ringim ya rubuto yace wata biyu kenan da sayen motar, duk sanda ya hau titin Kano ya taka ta sai jar fitila mai hoton lagireto ta kawo a dashbod, can kuma ta ɗauke, ya tsaya ya duba ruwa yana nan cif a robarsa, amma bakanike yace sai an sauke inji. Yace kwana uku baya barci don kuɗin da ya tara na noman rani ne ya zuba a motar.

Ɗana kwantar da hankalinka, in sha Allahu injinka lafiyarsa ƙalau. Wannan ciwo ne sananne a RX-8. A cikin robar ruwan nan da ke gaban inji akwai wani ɗan abu mai yawo a saman ruwa da maganaɗisu a jikinsa, in ruwa ya ragu ya sauka ƙasa sai sansa ta kunna fitila. Da tsufa abin yakan jiƙe yayi nauyi ya riƙa nutsewa da kansa ko da ruwa a cike, musamman in ka taka mota ruwan ya riƙa gudu da ƙarfi, shi yasa a kan babban titi kake gani ba a cikin gari ba. Motar an ƙera ta ne daga 2003 zuwa 2012, kaga ko autarsu ta haura shekara goma, roba dole ta gaji. Abin da zakayi, da safe kafin ka tayar, inji a sanyaye, ka duba ruwan yana tsakanin L da F, ka ɗan yi alama da biro a jikin robar, ka riƙa dubawa kullum har sati guda. In bai motsa ba toh robar ce, a canza ta gaba ɗayanta don sansar a haɗe take da ita. Ka tsaya a kan mai aikin ya bi a hankali, akwai wani siririn baki na roba a saman lagireto inda ƙaramin tiyo yake shiga, da an fizga yake karyewa sai ka koma sayen lagireto. Kuma dan Allah kar ka yarda a zare wayar sansar ace an huta da fitila, ranar da tiyo zai fashe da gaske babu mai gaya maka.

Wani kuma daga Gaya yana tambaya wai nawa ne kuɗin gaskit ɗin kan inji na RX-8, bakanikensa yace ya ƙone, zaije Kofar Ruwa ya nemo.

Malam ɗauke motarka daga garejin nan yau ba gobe ba. Injin nan bashi da fistin, bashi da kan silinda, ina gaskit ɗin kai zai zauna? Wanda bai san wannan ba bai taɓa buɗe irinsa ba, da motarka zai koyi aiki kuma kai zaka biya kuɗin makarantar.

Tunda zancen ya zo bari in bayyana yadda yake don amsa ta gaba ta shiga. Injin ƙirƙirar wani Bajamushe ne Felix Wankel, kamfanin Mazda na Japan ne ya riƙe shi ya daɗe yana aiki da shi. Na RX-8 ana ce masa Renesis ko 13B, lita 1.3 ne kacal amma shan mansa yafi na manyan motoci da yawa. A madadin fistin mai hawa da sauka, wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku suke juyawa a cikin gidajensu. An jera injin ne kamar faifai a kan faifai, farantan baƙin ƙarfe uku da gidajen alminiyam biyu a tsakaninsu, dogayen kusoshi sun ɗaure su. Tsakanin kowane biyu akwai siririn zoben roba da ya raba hanyar ruwa da ɗakin wuta. Alminiyam da baƙin ƙarfe ba daidai suke buɗewa ba in sun ɗau zafi, shi yasa tafasa guda ɗaya mai kyau ta isa ta ƙona zoben ko ta karkatar da gidan, kuma babu yadda za'a kai hannu gun zoben sai an sauke inji an warware shi duka. Golf ko Sharon ta tafasa a canza gaskit a goge kai a cigaba da lodi, wannan ba haka take ba.

Na uku daga wajen Birnin Kudu, yace shi kam ruwan raguwa yake da gaske, duk kwana uku sai ya ƙara kusan rabin lita, baya ganin ɗiga a ƙasa, da safe motar tana wahalar tashi tana karkarwa da farin hayaƙi, yana tambaya ko ya sayi sabon lagireto.

Ƙanina kar ka sayi komai tukunna, ka fara gano inda ruwan yake bi, daga mai arha zuwa mai tsada. Fara da murfin robar, na asali an rubuta 0.9 a kansa, in robar ƙarƙashinsa ta tsage ko sifirin ya saki ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana fita ta tiyon amai yana bushewa a hanya baka gani. Sai ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana, don a kan rairayin tsakar gida ba zaka ga ɗigo ba. Ka haska tocila a gaɓar da robar lagireto ta haɗu da alminiyam, da bakin kowane tiyo, da ƙasan famfon ruwa, duk inda kaga busasshen fari-fari ko kore-kore nan ne. Ka taɓa kafet ɗin gaba, in da damshi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi toh hita ce take yoyo a ciki.

Amma bazan ɓoye maka ba, abin da ka faɗa na safiya ya ɗaga min hankali. Tururin sanyin hunturu daban, shi minti kaɗan ya ɓace kuma baya wari. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne, injin nan dama an yi shi yana ɗan ƙona mai da gangan don ya jiƙa bakin ƙarafan da ke juyawa. Farin hayaƙi mai kauri mai ƙamshin zaƙi da karkarwa in mota ta kwana, wannan alamar ruwa ne ya tsiyaya cikin ɗakin wuta da dare ya jiƙa fulogi. Gwada haka: inji a sanyaye sarai, buɗe murfi, tayar, ka leƙa. In ƙananan kumfa suna ta tasowa ba tsayawa kamar an buɗe lemon kwalba, iskar wuta ce ke shiga hanyar ruwa. A birni akwai masu famfon awo da ake ɗaurawa a bakin robar a bar shi ya kwana, da safe a cire fulogai, huɗu ne biyu a kowane gida, a ga ko akwai ruwa, akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da yake komawa rawaya in hayaƙin inji ya ratsa shi. Kuɗin gwajin nan bai kai komai ba in ka haɗa da na lagireton da zaka saya a banza. Kafin ka samu zuwa ka ajiye motar, kuma kar ka taɓa buɗe murfin nan da zafi, na ga fuskar da ruwan lagireto ya sale, ba abin gani bane.

Yanzu ga tambayar da ta taɓa min inda yake min ƙaiƙayi. Wani daga Ɗambatta yace ran kasuwa ya ga galan na jan ruwan lagireto da arha sosai, kusan kuɗin litar fetur biyu, ya saya ko ya cigaba da zuba ruwan rijiya tunda ai mu bamu da ƙanƙara?

Duka biyun a'a. Wallahi abin nan yana ci min rai, mutum ya iya haɗa miliyoyi ya sayi mota, ya sa mata rim da sifika da baƙin gilas, amma in an zo kan ruwan da yake riƙe da ran injin sai ya tuna da tsimi. Ku duba gindin butar mai shayi a tasha, wannan farin dutsen da ya kama kamar kanwa daga ina ya fito? Daga ruwan rijiya da na burtsatse ne, kuma haka yake kamawa a siraran hanyoyin lagireto har ya toshe su. Sannan ruwa zalla yana cin baƙin ƙarfe da tsatsa, yana cin alminiyam, a injin nan kuwa gefen kwarmin da zoben roba yake kwance siriri ne, in tsatsa ta cinye shi ko sabon zobe ka sa ba zai riƙe ba, sai dai a nemi wani gidan alminiyam ɗin, a ina? Kulan na gaske, wato ruwan lagireto na galan, ba don ƙanƙara kaɗai akayi shi ba, akwai maganin tsatsa a ciki, yana kuma ɗaga matakin tafasa sama da digiri 100 na ruwa zalla. Shi kuma na arhar nan galibinsa ruwa ne da kala, an ɗura a tsohon galan an manna takarda mai ƙyalli. Ni da kaina an taɓa sayar min da katan guda a wani shago, na zuba wa mutane da amana, wata huɗu mota ta dawo na kwance tiyo sai ga ruwa ja-ja kamar na kududdufi, na biya wankin lagireto daga aljihuna kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Kala ba shaida bace, ja ko kore duk rini ne. Ka duba hatimin murfi ba'a taɓa ɓalle shi ba, rubutu bai goge ba, ka ɗiga a yatsa ka murza, na gaske yana da ɗan santsi da nauyi, na jabu kamar ruwan randa yake. Ka saya a wajen wanda yake da shago tsayayye da zaka iya komawa ka same shi gobe, ba a bayan but ranar kasuwa ba. In wanda ba'a sirka ba ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na ƙarin batir, banda mai asid, ka tambaya da kyau. In wanda aka riga aka sirka ne zuba shi haka. Kar a gauraya iri biyu da ba'a san asalinsu ba, a zubar da tsohon a wanke. In ka maƙale a daji ba komai sai ruwan leda, zuba ka isa gida, amma a cikin satin ka canza.

Kuma iyaye mata ku ji wannan: kulan guba ne, yana da zaƙi, jan kuma kamar zoɓo yake. Kar a ajiye ragowarsa a gorar lemo, kar a zubar a tsakar gida inda yara da awaki da kaji suke, kaɗan ya isa ya lalata ƙoda. Akwai masu gwada na jabu ta sa shi a firiza suga ko zai daskare, ni ban yarda da wannan ba a gidan da yara suke buɗe firij.

Mai tambaya daga Kazaure wai a cire tamostat, wato abin nan da yake buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗau zafi, motar ta daina zafi? A'a. Maida shi, in ya lalace sayi sabo. Zafin yana wani waje, duba fankokin nan biyu ko suna tashi, duba ƙura da ƙaiƙayin sussuka da suka toshe fuskar lagireto, duba robar ƙarƙashin gaba da take tura iska ciki ko hanyar ƙauye ta yage ta. Kuma kar ka dogara da allurar geji, a motar nan tana zama a tsakiya ne ko zafi yana hawa, in kaga ta motsa sama abu ya riga ya yi nisa, ka gangara gefe ka kashe nan take.

Mai cewa a fasa ƙwai ko a zuba garin barkono a lagireto ya toshe yoyo, haba malam. Abin da ya toshe huda zai toshe hanya.

Ta ƙarshe wata baiwar Allah ce daga wajen Rano, tace ɗanta ya matsa a sayar da shanu biyu na gadon mahaifinsu ya cika ya sayi irin motar nan, hankalinta bai kwanta ba.

Hajiya Allah ya jiƙan maigidan, kuma damuwarki tana kan hanya. Motar tana da daɗin tuƙi bazan musa ba, amma cikinta a ƙasa yake bata son burji da kwazazzabo, tana shan fetur, tana son a riƙa duba baƙin mai kusan duk shan mai biyu, in aka tayar aka kashe bata yi zafi ba fetur yakan cika ta taƙi tashi, masu iya buɗe injinta kaɗan ne ko a Kano, kayanta sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas ko ƙasar waje. Ga mai mota ɗaya da zai kai ki asibiti da dare ya ɗauko taki da rana, Corolla ko Golf sun fi masa. Ki zaunar da shi da kawunsa a yi maganar cikin lalama. In ya kafe, toh sharaɗi ɗaya ki sa masa, kar ya biya ko sisi sai ya je da sassafe motar ta kwana ba'a tayar ba, a tayar a gabansa ya kalli hayaƙi da kumfar robar ruwa, a zagaya da ita tayi zafi a kashe a sake tayarwa nan take, in ta ja lokaci kafin ta kama ya bar musu kayansu ya dawo gida.